Dakta Atika da Damina ta Biyar

Farkon ganina da Dakta Atika Mudi, tana tsugune a bayan ɗakin gwaji na sashenmu a jami'a, ta tattare tobinta, dogon mayafin da matan nan ke naɗawa, a tsakanin gwiwoyi, tana kakkarya karan riɗi kamar mai shirin hura wuta. Na gaishe ta da Larabci. Ta ɗago ta dube ni sama da ƙasa, ta amsa da Hausa.

"'Yar gidan wa ce ke?"

Na ce 'yar Rufa'i mai ɗinki ce, na kasuwar Gadarif.

"To, 'yar Rufa'i, idan kin zo neman farar riga da safar hannu ne, babu. Kama min ɗaurin nan."

Sunana Hiba. A hannunta na gama karatun kimiyyar sinadarai a bara. Ina rubuta wannan ne saboda maganganu biyu da ke yawo a kanta a gari. Wasu na cewa bam take haɗawa. Wasu kuma, har da danginmu Hausawa, na cewa ta ruɓar da abincin gidansu don ta samu suna a ƙasar waje. Ina wurin aka yi wasu abubuwan, sauran kuma daga bakinta na ji, ko daga bakin waɗanda abin ya shafa. Har yanzu ba na iya daɗewa a zaune ina rubutu, don haka a yi haƙuri da inda na tsallake.

An haife ta a wani ƙauyen Hausawa da ke gefen Basunda, kusa da iyakar Habasha. Kakanninta daga ƙasar Katsina suka taso da ƙafa za su Makka, da suka dawo suka ga ƙasar noma, suka sauke kaya. Mahaifinta ya rasu tana ƙarama, ƙanensa Mijinyawa ya riƙe ta. Shi ya sa mata suna 'Yar Gawayi, domin ba ta barin bangon ɗaki ya huta da zane, kuma in ba a sa ido ba har tauna gawayin take yi. Sunan tsakaninsu ne su biyu, ko matarsa Goggo Atine ba ta kiran ta da shi.

Ta shiga jami'a a Hartum a shekarun farko na mulkin nan, lokacin da ake sallamar malamai ba tare da an faɗi laifinsu ba. Ta ce malaminsu na sinadarai ya rubuta rabin lissafi a allo, ya ce sai gobe za a ƙarasa, ba su sake ganinsa ba. Ɗalibai suka hana a goge allon har ƙarshen zango. Bayan ta gama ta koyar a makarantar 'yan mata ta garin Shuwak na wasu shekaru. Ta yi aure a can, bai daɗe ba, ba ta haihu ba. Ba ta yin zancen, mu ma ba mu tambaya. Daga baya ta samu gurbin karatu a Malesiya, inda ta koyi yadda ake ƙona ɓawon kwakwa ba tare da iska ba har ya zama wani irin gawayi mai ƙananan ramuka da ido ba ya gani, wanda ke riƙe wutar lantarki kamar yadda soso ke riƙe ruwa. An roƙe ta ta zauna can. Ta dawo Gadarif.

Abin da ta dawo yi shi ne wannan. A wajenmu manomi ba ya gina rumbu a sama kamar yadda kakanninmu suka ce ana yi a ƙasar Hausa. Rami yake haƙawa a cikin baƙar laka, ya shimfiɗa ƙaiƙayi, ya zuba dawa, ya rufe da ƙaiƙayi da ƙasa. Shi ake kira matmura. Idan an dace, dawa takan yi shekaru a ciki lafiya lau, ita ce ajiyar shekarar da damina ta ƙi. Matsalar ita ce babu mai ganin ciki. In ruwa ya sulala ta tsagar ƙasa, dawa ta fara ruɓewa daga ƙasa, mai ita yana sama bai sani ba. In kuma ya buɗe don ya duba, iska ta shiga, ƙwari su farka, dole a kwashe duka a ci ko a sayar, ajiya ta ƙare ke nan.

Dakta ta ƙera 'yan ƙananan faifai na yumɓu, kowane bai fi farce ba, masu jin laima. Ta haɗa su da wata na'ura da ke ɗaukar awo kullum tana ajiyewa. Na'urar tana buƙatar wuta, batirin kanti kuwa ba ya jure zafin cikin rami, yakan kumbura ya zubar da ruwansa a cikin abinci. Shi ne ta yi nata ma'ajin wuta da gawayin karan riɗi, abin da manoma ke cinna wa wuta a gona bayan girbi. Waya siririya kan fito daga ramin zuwa sama, ta nan take karanta awo da ma'auninta, ta nan kuma take ƙara wa ma'ajin wuta. Saboda takunkumin da aka sa wa ƙasarmu ba a sayar mana da kayan gwaji daga waje, don haka rabin na'urar daga tsofaffin rediyo ta ciro, wajen masu gyara a kasuwa. Tanderun ƙona karan ma wani maƙeri ya yi mata da tukunyar gas. In wutar gari ta ɗauke ana tsakiyar ƙonawa, aikin mako ya lalace, sai ta ce, "Malesh, ba komai, riɗi bai ƙare a Gadarif ba," a sake daga farko.

Abu ɗaya ta fi matsa mana a kai. Ba ta yarda da awo ɗaya. In ka kawo mata sakamako da murna, sai ta ce, "Sau nawa?" In ka ce sau ɗaya, ta ce, "To ba ka auna ba tukuna, ka dai gaisa da shi." Sai an maimaita, a wata rana daban, bayan an duba lafiyar ma'aunin kansa. Mun sha yi mata dariya a bayanta kan wannan.

Don a yarda da aikinta, sai na'urar ta yi damina biyar a binne cikin matmura ta gaske ba ta mutu ba. Babu manomin da ya yarda ya ba ta ramin abincinsa, sai Baffanta Mijinyawa. Shi ma da sharaɗi.

Dole in faɗi dalilin sharaɗin. A shekarun yaƙin basasa na Kudu wasu mutane sun zo ƙauyensu da motoci suna tara hatsi, wai gudummawar mayaƙa. Manoma suka ce ba su da komai. Sai aka kama wani saurayi ɗan ƙauyen, aka tafi da shi, da aka dawo da shi ba ya iya tsayawa da ƙafarsa, shi ya riƙa nuna ramukan da hannu. Aka kwashe har na Baffa. Tun daga ranar Baffa ba ya haƙa matmura kusa da gida. Can cikin daji yake yi, ya baje ƙasa, ya bar ciyawa ta tsiro a kai, kuma ko limami ya tambaye shi zai ce ba shi da rami. Wannan ramin shi da ɗansa Ya'u suka haƙa, Ya'u kuwa ya tafi haƙar zinariya arewa, ba a ji ɗuriyarsa sai jefi-jefi. Bakin wayar a ƙarƙashin saiwar wata aduwa suka ɓoye shi cikin fasasshen tulu.

Ya ce mata, "Ke kaɗai za ki riƙa zuwa. Ba ɗalibi, ba direba. Kuma ba a zancensa a waya."

Ta ce, "Na ji, Baffa. Kai ma ka yi min alkawari, ba za a buɗe ba sai na ce."

"Sai kin ce da bakinki, ina kallon ki."

An zuba dawar bayan kakar 2008, shekarar da aka samu albarka. Abincin gida uku ne a ciki, nasa da na matan ƙannensa biyu da suka rasu, har da iri. Damina huɗu ta wuce lafiya. Sau ɗaya a damina ta biyu awo ya yi tsalle, hankalinta ya tashi, da ta bincika ashe ruwa ne ya jiƙa bakin wayar a cikin tulun. Ta busar da shi, awo ya koma daidai. Ta kan ba mu labarin nan a aji, ta ce da ta yi gaggawa a ranar da ta sa Baffanta ya buɗe ajiyarsa a banza.

Damina ta biyar ita ce ta bara. Ruwa ya makara, shuka ta bushe, aka sake shuka, sannan ya zo gaba ɗaya kamar da fushi, ya kwanta a gonaki. Tun kafin kaka kowa ya san babu abin kirki da za a girbe. A ƙarshen Satumba ta je ƙauye ta ɗauki awo, ta ga laima ta hau. Baffa yana tsaye a kanta.

"Lafiya dai, 'Yar Gawayi?"

"Ban sani ba tukuna. Wataƙila wayar ce kamar wancan karon. Bari in koma gari in duba ma'aunin, zan dawo cikin mako. Kada a taɓa sai na dawo."

A makon nan ne aka ƙara kuɗin mai, garuruwa suka tashi da zanga-zanga. Ita ba ta ma san abin da ake ciki ba, tana ƙauye. A wani shingen bincike kafin a shigo Gadarif aka sauke kowa daga lori, aka zazzage jakunkuna. A tata aka samu akwati mai allura da wayoyi da batir, a hannun mace ita kaɗai, daga bakin iyaka.

Ni kuwa abincin rana na kai wa Babana shago. Ina fitowa daga layin teloli na ga mutane suna gudu, na tsaya ina neman inda zan bi, sai na ji an ɗaga ni sama an jefa bayan mota. Ba zan rubuta abin da ya biyo baya ba. Na gwada, hannuna ba ya yarda. An dai kai mu wani gida da ba shi da allo a ƙofa, aka tura mu wani ɗaki da mata suka cika, masu sayar da shayi da ɗalibai da wata tsohuwa da ba ta san dalilin kawo ta ba. Ina kuka a jikin bango na ji an ce, "'Yar Rufa'i, matso nan, wajen nan ya fi iska."

Ta rame, leɓenta ya fashe, amma muryar tana nan. Ta ce kullum sai an fito da ita an ajiye ma'aunin a tebur, masu tambayar suna can nesa da shi, su ce ta faɗi wanda take aika wa saƙo da shi.

"Na yi musu darasin laima tun daga farko," in ji ta. "Ba su fi 'yan ajinku ganewa ba."

Sun tambaye ta inda sauran wayoyin suke binne. Wannan kam ba ta faɗa ba, shi ya sa suka ƙi sakin ta.

Wata rana da hantsi, an fita da yawancin matan shara, ta jawo ni kusa.

"Hiba, saurara da kyau. Faifai uku ne a ramin, ɗaya a ƙasa, ɗaya a tsakiya, ɗaya a sama. Wancan karon da waya ta jiƙe, duka ukun suka yi tsalle tare. Wannan karon na ƙasa ya hau sosai, na tsakiya kaɗan, na sama bai motsa ba. Tun da aka kawo ni nake juya lambobin a kaina. Ba waya ba ce. Ruwa ne yake shiga ta ƙasa."

Na ce, "To yanzu ya za a yi, Dakta?"

"In an buɗe cikin watan nan za a tsira da fiye da rabi. Ke za su sake ki, ba su da abin yi da ke. Ki je wajen Baffa Mijinyawa ki ce ya buɗe."

"Bai san ni ba."

Sannan ta faɗa min sunan da yake kiran ta da shi, ta ce in faɗa masa, zai san daga wajenta na fito.

Babana ya yi ta zirga-zirga har aka sake ni. Da na ce zan tafi Basunda, Innata ta zauna a bakin ƙofa ta ce sai dai in taka ta. Na kwana biyu ina roƙo. A ƙarshe Babana ya sa ni a lorin wani abokinsa, ya ce in ba na son in hallaka shi in dawo washegari. Daga Basunda mota ba ta shiga saboda laka, a bayan tarakta na ƙarasa.

Na same shi a rumfar ƙofar gida yana gyaran igiya, dogon tsoho, gemunsa fari fat. Ya karɓe ni kamar 'yarsa. Goggo Atine ta kawo ruwa, ta kawo tuwon dawa da miyar kuɓewa busasshiya, ta ɗora jabana, tukunyar gahawa, a wuta. Sai da na ci na sha gahawa sannan ya tambayi abin da ke tafe da ni. Na ce daga wajen Dakta Atika nake, tare aka tsare mu, ta ce a buɗe matmura, ruwa yana shiga.

Ya ci gaba da murɗa igiyarsa.

"Wace matmura, 'yata? Mu da muke ci hannu baka, ina muka ga abin binnewa?"

Na fara yi masa bayanin faifai uku. Da na ruɗe sai Hausar ta gudu, na koma Larabci, na sake dawowa. Wani babur ya wuce ta bayan gida, na zabura har na zubar da finjalin gahawa. Na ga yana kallon wuyan hannuna, inda shatin igiya bai gama warkewa ba. Na ja hannun riga na rufe, amma ya riga ya gani.

"Su suka sake ki?"

"E, Baba."

"Ita kuma suka riƙe."

"E."

"Suka sake ki, kika zo nan kai tsaye, kina tambayar rami."

Sai a lokacin na gane yadda abin yake a idonsa. Na ce wallahi ba wanda ya aiko ni sai ita, na ce ta ba ni shaida. Na faɗi sunan.

Igiyar ta faɗi daga hannunsa. Na ɗauka ya yarda ne, har na fara jin sanyi a raina.

"Atine," ya ce, bai juya ba, "sun dake ta har ta faɗi wannan."

"Baba, ba haka ba ne, da kanta ta..."

"Ba laifinki ba ne, yarinya. Na taɓa ganin wanda aka dawo da shi yana nuni da hannu, shi ma ba mugu ba ne. Ki koma ki ce musu tsohon ba shi da komai. In suna so su zo su tone ɗakin kwanana."

Ya tashi ya shiga gida. Goggo Atine ta raka ni har bakin hanya tana share hawaye da gefen mayafi. Ta ce ita ta yarda da ni, amma ko ita ba ta san wurin ba, daji ne faɗinsa ya fi ƙarfin ido. Daga baya ta gaya min ta yi ta fama da shi har suka daina magana na kwanaki. Amsarsa ɗaya ce: yarinyar da bakinta ta ce kada a taɓa sai ta dawo, kuma tana can tana shan wuya don kada a san wurin, shi ba zai je ya tone da rana tsaka ya nuna musu ba. Babana ma ya samo lambarsa ya kira shi, dattijo da dattijo. Da ya ji an ambaci rami sai ya ce an yi kuskuren lamba, ya kashe.

Ban sake komawa ba. Na kwanta ciwo, na yi wata biyu ko ƙofar gida ba na leƙawa.

A watan Fabrairu aka sake ta, ba tuhuma, ba bayani, ma'aunin ma ba a mayar mata ba. Gidanmu ta fara zuwa. Ba ta zauna ba, daga tsaye ta tambaye ni.

"Ya buɗe?"

Na girgiza kai. Ta dafa bango. Sannan ta ce in ɗauko mayafina.

Da sassafe muka fita daji, ni da ita da Baffa da wasu maza biyu na dangi da ya yarda su zo da fartanya. Tun da ya gan ta bai iya cewa komai ba sai "Sannu, sannu," yana shafa kanta kamar ƙaramar yarinya. A gindin aduwar ta tsaya ta dube shi.

"Baffa, a buɗe."

Tun ba a kai ga ƙaiƙayi ba warin ya taso, tsami-tsami kamar giyar da ta lalace. Aka ja da baya aka bar ramin ya sha iska, don irin wannan iskar tana kashe mutum. Da aka yaye, saman ya yi fari da furfura, ƙasansa baƙi, ya dunƙule kamar laka, yana tururi. Ɗaya daga cikin mazan ya zura hannu ya ciro da sauri saboda zafi. Suka yi ta haƙa suna neman inda ya tsira. Abin da aka samu ko jaki aka ba sai ya kau da kai.

Babu wanda ya yi kuka a wurin. Baffa ya zauna a kan tudun ƙasar da aka tone, ya ɗebi baƙar dawar a tafin hannu yana murzawa. Dakta ta bi wayar da hannu har ta ciro na'urar, gwangwani ne kamar na madara, ta riƙe shi ba ta ko kalle shi ba.

"Abin naki," in ji Baffa, "ya mutu shi ma?"

"Bar shi, Baffa."

"A'a, duba min. Shekara biyar yana kwance da dawata."

Ya ciro tocilan daga aljihu ya miƙa mata. Ta kwance ƙwan, ta goge bakin wayoyin biyu da tobinta, ta haɗa. Ƙwan ya kama, ja-ja, a cikin hasken rana da ƙyar ake gani.

Ya daɗe yana kallo. "To," ya ce. "Ba ki yi ƙarya ba."

Muna cikin lorin dawowa har muka hango duwatsun Gadarif. Ta ce, ba ni take kallo ba, "Ranar nan da na ce masa a jira, har yau ban sani ba, Hiba. Ko don ma'aunin ne, ko don saura wata guda damina ta biyar ta cika." Na ce ai haka take koya mana kullum, ba a yanke hukunci da awo ɗaya. Ta ce, "Na sani. Shi ya sa ba zan taɓa ganewa ba."

Jami'a ba ta mayar da ita aiki ba, an ce mata ta jira, har yau ana jira. Wani abokin aikinta ya bar mana ɗakin gwaji a ranar Juma'a, muka haɗa wani ma'aunin muka karanta abin da ke cikin gwangwanin. Babu ranar da ya tsallake. Ranar da ruwa ya fara shiga tana nan, da yadda ya hau daga faifan ƙasa zuwa na tsakiya zuwa na sama, da lokacin da dawar ta fara zafi. Na nemi makon da na je ƙauyen. A lokacin faifan sama bai ko motsa ba.

Tsohon malaminta na Malesiya ya ce in ta aika da sakamakon akwai aiki a wani kamfanin batir a can. Da farko ta ce ba za ta rubuta ba. Amma gida uku ba su da abinci ba su da iri, an sayar da awaki, an sayar da saniyar Goggo, ita kuma ba ta da albashi. Ta zauna a ɗakin Innata ta rubuta. Zane ɗaya ne ta kasa, wanda ke nuna hawan laimar, ta ce ni in yi. Na yi. An ce masu duba aikin sun yaba da zanen nan fiye da komai, wai ba a cika samun awon ruɓewar hatsi daga farko har ƙarshe ba a katse ba.

Ta tafi cikin azumi. Tana kira wani lokaci, ta tambayi Babana da Innata, ta tambaya ko na fara fita. Ta ce ɗakin gwajinsu wuta ba ta ɗaukewa, duk abin da ta nema da safe kafin la'asar an kawo. Ba ta ƙara yin aikin hatsi ba, batirin mota suke yi. Duk wata wani ɗan kasuwa yana kai dawa ƙauyen da sunanta. Goggo Atine ta ce Baffa yana karɓa ya raba wa mata da yara, amma shi ba ya sa hannu a tuwon, sai abin da ya samo da kansa.

Watan jiya na raka Babana tashar lori karɓar yadi, karo na farko da na shiga kasuwa tun bara. Lokacin yankan riɗi ne, motocin da ke zuwa gonakin Simsim sun cika da 'yan ƙwadago, yawancinsu samari. A cikinsu na hango farin gemu. Yana zaune a kan ƙullin kayansa, lauje a cinya. Na so in ɓuya a bayan Babana, amma ya riga ya gan ni. Ya yafuto ni da hannu, na matsa jikin motar.

"'Yar Rufa'i ce ko?"

"Ni ce, Baba. Ina wuni."

"Hannun ya warke?"

Na ce ya warke.

"Kin sha laka kin zo har gida da gaskiya, na kore ki." Ya gyara zaman laujen. "Ki yafe min."

Yaron mota ya buga ƙarfe, direba ya tayar.

"In ta kira," ya ce da ƙarfi don in ji, "kada ki ce kin gan ni a nan. Ki ce ina gida."

Motar ta fita ta hanyar kudu. Ta kira a daren Juma'ar da ta biyo, ta tambaya ko akwai labarin ƙauye. Na ce Baffa yana gida.